Kirista da Shari'ar Musa: Wace Doka Ta Sauka, Wacce Ta Rage?

Kirista na riƙe da littafi guda, ya kuma yarda cewa dukansa maganar Allah ne. A cikin littafin nan an hana cin naman alade, an hana aiki ran Asabar, an hana sa tufar da aka saƙa da zare iri biyu, an ce a yi wa kowane ɗa namiji kaciya a kwana na takwas. Yawancin Kiristocin duniya ba su ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan a matsayin farilla ba. Su ɗin ne kuma za ka ji suna koya wa yara Dokoki Goma, suna cewa sata zunubi ce, zina zunubi ce, shaidar zur zunubi ce, alhali duka ta hannun Musa ɗaya suka zo. Mai kallo daga waje ba za a ga laifinsa ba in ya ce son zuciya ne, an ɗauki mai sauƙi an bar mai wuya. Na ciki ma sau da yawa in an tsare shi da tambayar sai ya fara kame-kame.

Tambayar ta girmi kowace ɗariƙar Kirista da ake da ita yau. Ita ce ta fara haɗa manzanni gardama tun suna da rai, kuma a kanta wasiƙun Bulus zuwa ga Romawa da Galatiyawa suke kai da kawowa.

Abin da ake kira Shari'a a nan shi ne dokokin da ke cikin littattafai biyar na farko, wato Attaura. Malaman Yahudawa sun ƙidaya su suka sami 613, guda 248 na "ka yi", 365 na "kada ka yi". Akwai na hadaya da aikin firist, akwai na gado da bashi da diyya, akwai yadda za a duba kuturta, da yadda za a bar gona ta huta kowace shekara ta bakwai, har da hukuncin wanda sansa ya tunkuyi mutum ya kashe. Tsarin mulkin al'umma ne sukutum, kuma wata al'umma takamaimiya aka ba. Dokoki Goma kansu sun buɗe ne da Allah yana gabatar da kansa a matsayin wanda ya fisshe su daga bautar Masar (Fitowa 20:2). A lura da jerin: sai da aka cece su sannan aka ba su doka. Malaman Yahudawa ma ba su ce sauran al'ummai su ɗauki 613 ba, dokoki bakwai kawai suka ce suna kan dukan 'ya'yan Nuhu. Sannan tun shekara ta 70, da sojojin Roma suka rushe Haikalin Urushalima, duk abin da ya shafi bagade da hadaya ya tsaya cak, ga Bayahude ma. Saboda haka babu mutum ɗaya a doron ƙasa da ke cika Shari'ar nan duka a yau. Kowa wani sashe yake bi, gardamar kuwa ita ce wane sashe, kuma da wace hujja.

Masu cewa Shari'a na nan daram suna da ginshiƙi mai ƙarfi, domin daga bakin Yesu ya fito. A Matiyu 5:17-19 ya ce kada a zaci ya zo ne ya rushe Attaura da littattafan annabawa, ya zo ne ya cika su, kuma ko ɗigo ɗaya ba zai gushe ba sai an cika kome. Rayuwarsa ma ta Bayahude ce: an yi masa kaciya a kwana na takwas, yana zuwa majami'a ran Asabar, yana zuwa Urushalima yin idi. Sai dai in ka ci gaba da karanta wa'azin nan za ka tarar da abin da ya ɗaure wa masu sauraronsa kai. Ya yi ta cewa kun ji an faɗa wa mutanen dā kaza, amma ni ina gaya muku kaza. An hana kisa, shi ya hana fushin da ke kai wa ga kisan. An hana zina, shi ya hana kallon sha'awa. Musa ya yarda da takardar saki, shi ya ce saboda taurin zuciyarsu ne aka yi musu rangwame, amma tun farko ba haka yake ba (Matiyu 19:8). A Markus 7 ya ce abin da ke shiga cikin mutum ba ya ƙazantar da shi, sai dai abin da ke fitowa daga zuciyarsa, marubucin kuma ya ƙara da cewa da haka ya halatta kowane abinci. Ya warkar da marasa lafiya ran Asabar, ya ce domin mutum aka yi Asabar, ba a yi mutum domin Asabar ba.

Malamin Attaura yakan yi fassara yana ƙarƙashinta, Yesu kuwa yana magana kamar mai ita. Hannunsa kuma bai karkata gefe ɗaya ba. A kan abinci da ranaku ya sassauta, a kan zuciya ya ƙara tamke igiya. Wanda ke zaton rage wa mutane nauyi kawai ya zo yi, bai kai inda ya ce a ƙaunaci maƙiyi ba.

Muddin masu bin Yesu duk Yahudawa ne, maganar ba ta taso ba. Sun ci gaba da zuwa Haikali, suna kiyaye abin da suka gada. Da Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, suka fara shigowa, sai lamarin ya dagule. Ayyukan Manzanni 10 ya ba da labarin Karniliyus, wani hafsan sojan Roma a Kaisariya. Kafin Bitrus ya yarda ya taka gidansa sai da aka nuna masa wahayi a Yafa, mayafi cike da dabbobin da Shari'a ta haramta, aka ce ya yanka ya ci. Amsar Bitrus abin lura ce: ya ce faufau, bai taɓa cin abu marar tsarki ba. Mutumin da ya zauna da Yesu ke nan, ya ji maganar Markus 7 da kunnensa, amma bai ɗauke ta izinin canza abincinsa ba. Da ya koma Urushalima kuwa 'yan'uwa suka tare shi da tuhuma, wai ya shiga gidan marasa kaciya har ya ci abinci da su. A Antakiya ma an yi irin wannan: Bitrus na ci tare da Al'ummai, da wasu suka zo daga wurin Yakubu, jagoran masu bi a Urushalima, sai ya janye jiki, har Barnaba, abokin aikin Bulus, ya bi sahu, Bulus kuwa ya tsawata masa a gaban kowa (Galatiyawa 2:11-14).

Abin da ya kawo maganar gaban manya shi ne wasu da suka zo Antakiya daga Yahudiya suna koyar da cewa in ba a yi kaciya bisa al'adar Musa ba, babu ceto. Aka yi taro a Urushalima wajen shekara ta 49. Bitrus ya miƙe ya ce don me za a ɗora wa almajirai karkiyar da kakanninmu da mu kanmu muka kasa ɗauka? Yakubu, ɗan'uwan Yesu, shi ya yanke magana, aka rubuta wasiƙa cewa ba za a ɗora wa Al'ummai wani nauyi ba sai abu huɗu: su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman abin da aka maƙure, da fasikanci (Ayyukan Manzanni 15). Babu kaciya a ciki, babu Asabar, babu alade. Amma babu sata ko kisa ma, kuma ba wanda zai ce an halatta su. Wannan ya nuna jerin ba shi ne dukan tarbiyyar Kirista ba. Masana da yawa na ganin mafi ƙarancin abin da zai sa Bayahude da wanda ba Bayahude ba su iya zama kan abinci ɗaya ne, suna kuma danganta shi da dokokin da Littafin Firistoci 17 da 18 ya ɗora wa baƙon da ke zaune cikin Isra'ila. Wani abu da akan manta shi ne taron bai ce Yahudawa masu bi su daina bin Musa ba. Shekaru bayan haka an gaya wa Bulus cewa akwai dubban Yahudawa masu bi, dukansu masu kishin Shari'a, shi kansa kuma ya shiga Haikali ya yi tsarki tare da wasu (Ayyukan Manzanni 21).

Bulus ne ya fi kowa zafi a kan wannan magana, shi ne kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ga Galatiyawa ya ce in kun yarda aka yi muku kaciya, Almasihu bai amfane ku da kome ba, kuma duk wanda ya karɓi kaciya wajibi ne ya cika Shari'a duka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya kwatanta Shari'a da mai tsaron yaro, wanda aikinsa ke ƙarewa in yaron ya girma (3:24-25). Ga Romawa ya ce ba ƙarƙashin Shari'a kuke ba, ƙarƙashin alheri kuke (6:14). Amma a wasiƙar nan dai ya ce Shari'a tsattsarka ce, umarninta kuma mai adalci ne, mai kyau (7:12), ya ce bangaskiya ba ta soke ta, tabbatar da ita take yi (3:31). A sura ta 13 ya jero kada ka yi zina, kada ka yi kisa, kada ka yi sata, ya ce duk sun taru cikin ƙaunar maƙwabci. Ayar da ta fi warware mini zaren ita ce 1 Korintiyawa 7:19, inda ya ce kaciya ba kome ba ce, rashin kaciya ma ba kome ba ne, abin da ke da muhimmanci shi ne kiyaye umarnan Allah. To ai kaciya kanta umarni ce a Attaura. Mutumin da ya iya rubuta wannan jimla ya riga ya bambanta nufin Allah da kundin Musa. Shi ya sa a 9:21 ya ce shi ba marar doka ba ne a gaban Allah, yana ƙarƙashin shari'ar Almasihu.

Aikinsa ma ya bi maganarsa. Ya yi wa abokin tafiyarsa Timoti kaciya, domin uwarsa Bayahudiya ce kuma za su yi wa'azi cikin Yahudawa (Ayyukan Manzanni 16:3), amma bai yarda a tilasta wa Titus, wanda ba Bayahude ba ne, yin ta ba, domin a nan ana neman mai da ita sharaɗin ceto (Galatiyawa 2:3). Wuƙa ɗaya ce, dalilin ne ya bambanta. Wasiƙar Ibraniyawa ta ɗauki ɓangaren hadaya ta ƙarasa: in aikin firist ya canza dole Shari'a ta canza (7:12), jinin bijimai da awaki ba ya ɗauke zunubi (10:4), kuma sabon alkawarin da Irmiya 31 ya yi annabcinsa, inda za a rubuta doka a zukata, ya mai da na farko tsoho (8:13).

Ikkilisiyar farko ta yanke gefe biyu da wuri. Ebiyoniyawa, wata ƙungiyar Yahudawa masu bin Yesu, sun riƙe Shari'a duka suka ƙi Bulus. Markiyon ya yi akasin haka, ya watsar da Tsohon Alkawari ɗungurungum, ya ce Allahn Musa dabam ne da Uban Yesu, aka kore shi daga ikkilisiyar Roma wajen shekara ta 144. Tun daga nan aka zauna a tsakiya: littafin na nan, amma ba duk abin da ke cikinsa ake aikatawa ba. Sai dai zama a tsakiya na bukatar ma'auni.

Ma'aunin da ya fi shahara shi ne raba Shari'a gida uku. Toma Akwinas, babban malamin Katolika da ya rasu a 1274, ya tsara shi sosai. Akwai dokokin ɗabi'a, waɗanda ke kan kowane mutum har abada domin lamiri ma ya san su. Akwai na ibada, wato hadayu da abinci da idi, waɗanda inuwa ce ta Almasihu, da ya zo suka cika. Akwai na mulki da hukunci, na ƙasar Isra'ila. Akwinas ya ce na ibada sun mutu, kuma komawa gare su kamar Almasihu bai zo ba halaka ce, na mulki kuwa sun mutu amma mai mulki na iya aron wani in ya ga dacewarsa. Shaidar bangaskiya ta Westminista, wadda Furotesta na Ingila da Sikotland suka rubuta a 1646, ta bi wannan sahu, ta ce dokokin mulki sun ƙare tare da ƙasar, sai dai adalcin da ke ƙarƙashinsu.

Rabon na da amfani, amma yana da rauni da bai kamata a ɓoye ba: Attaura ba ta raba kanta haka ba. Buɗe Littafin Firistoci 19. Aya ta 18 ta ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, aya ta 19 ta ce kada ka shuka iri biyu a gona ɗaya, kada ka sa tufa mai zare iri biyu. Babu wata alama a tsakaninsu da ke cewa wannan ta har abada ce, waccan ta ɗan lokaci. Yakubu 2:10 ma ya ce wanda ya karya ɗaya ya karya duka. Saboda haka wasu suka bi wata hanya. Martin Luta, a wani wa'azi na 1525, ya ce Musa na Yahudawa ne kamar yadda kundin dokokin Saksoni, wani yanki na Jamus, yake na mutanen Saksoni, ya ce ai mu ba a fisshe mu daga Masar ba. Muna sauraron Musa a matsayin malami, inda ya yi daidai da Sabon Alkawari da dokar lamiri, amma ba shi ke mulkinmu ba. A ƙarni na 19 Jon Nelson Darbi da mabiyansa suka ƙarfafa wannan, suka ce zamanin Shari'a ya wuce gaba ɗaya, abin da ke kan Kirista shi ne abin da Yesu da manzanni suka umarta. Abin mamaki, Luta ɗin nan ne ya sa Dokoki Goma a farkon littafin koyarwar yara da ya rubuta a 1529. A aikace hanyoyin biyu na haɗuwa, domin tara daga cikin goman an maimaita su a Sabon Alkawari.

Ɗayar da ta rage ita ce Asabar, kuma a nan gizo ke saƙar. Kiristoci sun fara taruwa a ranar farko ta mako tun zamanin manzanni (Ayyukan Manzanni 20:7), Yustin Shahidi ma ya bayyana taron Lahadi wajen shekara ta 150. Abin da Sarki Konstantin ya yi a 321 shi ne mai da Lahadi ranar hutu a birane, sujadar kuwa ta riga shi da nisa. Taron Lawudikiya na ƙarni na 4 ya hana Kirista hutawa ran Asabar, hanin kuma shaida ce cewa akwai masu yi. Mutanen Westminista sun ce Asabar ta koma Lahadi da dukan nauyinta. 'Yan Adbentis, masu kiyaye ran Asabar, da suka kafa ikkilisiyarsu a 1863, sai suka yi tambaya: in Dokoki Goma na har abada ne, wa ya ba da izinin matsar da ta huɗu? A ganina tambayar ta fi cizon masu raba Shari'a gida uku fiye da yadda suke yarda. Amma su ma Kolosiyawa 2:16 ta tsaya musu a wuya, inda aka ce kada kowa ya hukunta ku kan ci ko sha ko idi ko Asabar, haka ma Romawa 14:5. Ikkilisiyar Otodoks ta Habasha kuwa ta riƙe Asabar da Lahadi duka biyu, tare da kaciya da ƙin naman alade.

Akwai kuma mai jin "alheri" sai ya fassara shi da cin karensa ba babbaka. Bulus ya hango shi tun a Romawa 6, ya tambaya ko za mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru, ya amsa da a'a mai ƙarfi. Luta ya yi faɗa da abokinsa Yohanna Agirikola kan wannan, ya rubuta raddi a 1539. Taron Katolika na Tirent a 1547 ya la'anci duk mai cewa Dokoki Goma ba su shafi Kirista ba. Jon Kalbin, wani jigon Furotesta, ya ce babban amfanin doka shi ne nuna wa wanda aka riga aka cece shi hanyar tafiya. Yakubu ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce, Yesu ya ce in kuna ƙaunata za ku kiyaye umarnaina (Yahaya 14:15). Katolika da 'yan Luta sun shafe ƙarnuka suna jayayya kan matsayin ayyuka a cikin ceto kafin su sa hannu kan matsaya ɗaya a Ogsbog ta Jamus a 1999, amma ko a tsakiyar rigimar babu ɓangaren da ya ce mai bi na da 'yancin yin abin da ya ga dama.

Ni dai na fi gamsuwa da cewa Kirista ba ya ƙarƙashin Shari'ar Musa a matsayin alkawari, domin ba da shi aka ƙulla ba, amma Allahn da ya ba da ita bai canza hali ba, don haka babu shafin da ya zama shara. Bulus ya nuna yadda ake karanta ta. Ya ɗauki dokar da ta hana ɗaure bakin sa yana sussuka, ya fitar da haƙƙin ma'aikaci a kan ladansa (1 Korintiyawa 9:9-10). Dokar da ta ce a yi wa rufin gida katanga don kada wani ya faɗo tana nan da ranta ga duk mai gina abin da wasu za su hau, ko da gidansa ba shi da rufin da ake zama a kai.

Inda zargin son zuciya yake da gaskiya shi ne inda ake canza ma'auni a tsakiyar hanya. Mai wa'azi ya ce muna ƙarƙashin alheri in an zo kan alade da Asabar, amma in an zo kan ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma, sai ya buɗe Malakai 3 har da la'anar da ke ciki. Ushirin Attaura na amfanin gona ne da dabbobi, domin Lawiyawa, kabilar masu hidimar ibada, da ba su da gādon ƙasa, kowace shekara ta uku kuma har da baƙo da maraya da gwauruwa (Maimaitawar Shari'a 14:28-29). Masu kāre shi sukan ce Ibrahim ya ba Malkisadik ushiri tun kafin Musa. Gaskiya ne, amma kaciya ma daga Ibrahim ta faro tun kafin Musa, kuma ba sa cewa tana nan. Abin da Bulus ya rubuta wa Korintiyawa shi ne kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da tilas ba (2 Korintiyawa 9:7), wanda kan iya zarce kashi goma nesa ba kusa ba.

Ko abubuwa huɗun nan na taron Urushalima ba a tafi da su bai ɗaya ba. Ikkilisiyoyin Gabas sun riƙe hanin cin jini, taron da aka yi a Konstantinoful a 692 ya sake jaddada shi. A Yamma kuwa tun zamanin Agustin, babban malamin ikkilisiyar dā, aka daina kula da shi, taron Fulorens na 1442 ya ce dalilinsa ya gushe tunda babu sauran rigimar Bayahude da Ba'al'umme a kan abinci. Shaidun Jehobah sun kai shi har ga ƙin ƙarin jini a asibiti tun 1945. Bulus kansa, da mutanen Korinti suka tambaye shi kan naman da aka yanka wa gumaka, ya ce su ci abin da ake sayarwa a kasuwa ba tare da bincike ba, su bari kawai in zai sa ɗan'uwa tuntuɓe, kuma kada su zauna cin abinci a haikalin gunki. Amma da ya zo kan fasikanci, a wasiƙar nan dai, bai ba da wani sharaɗi ba, ya ce su gudu.